Yarana sun daina yanka, anya ba ni na kashe musu basira ba?

Kocin Unguwa:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa riƙe yara a harkar bal. Ni a Kano nake, ina da yara 22 'yan shekara 10 zuwa 13 da nake yi wa tirenin a filin wata firamare a unguwarmu, Alhamis da Juma'a da yamma tunda ba islamiyya, sai kuma Lahadi. Shekara biyu kenan muna tare.

Lokacin da na same su wallahi yara ne da suka iya taɓa bal kamar da ita aka haife su, amma fa ba tsari ko kaɗan, duk inda bal ta yi nan kowa zai ruga kamar kaji an watsa musu tsaba, gola ma sai ka gan shi a tsakiyar fili. Sai na zauna na dinga kallon bidiyon tirenin na Turai a YouTube, na sayo kon, robobin nan da ake jerawa a yi alama a fili, da kuɗina, na ba kowa lambarsa da wurin tsayuwarsa, na kafa doka taɓawa biyu ka bayar, in ka ƙara ta uku in busa usur in ba ɗaya ɓangaren bal. Kuma Alhamdulillah abin ya yi aiki don har kofin unguwanni mun ɗauka sau biyu.

To abin da ya tayar min da hankali satin da ya wuce ne. Mun je wasan sada zumunci aka zura mana ɗaya tun da wuri, suka koma baya gaba ɗayansu suka toshe gida, mu kuma muka yi ta zagaye da bal, fasin fasin fasin har aka tashi, ba yaro ɗaya da ya tunkari mutum ya wuce shi. Akwai wani ɗan siririn yaro bahago a cikinsu, da can shi ne yake yanke mutum uku a ɗan wurin da bai fi tabarma ba. Bal ta same shi a gefe, saura shi da ɗan baya guda ɗaya tak, sai na ga ya ɗago kai ya kalle ni a bakin layi, sannan ya mayar da ita baya. Wannan kallon har yau yana raina.

Tambayata ita ce, basirar nan ta ƙirƙirar abu a fili ana rainonta ne ko baiwa ce kawai daga Allah, mai ita ya zo da abarsa? In ana rainonta ta yaya zan yi ba tare da mun koma wancan hargitsin na farko ba?

Tsohon Lamba 10:

Wa alaikumus salam ɗana. Ai ka ba kanka amsa. Yaron da sai ya kalle ka kafin ya san abin da zai yi da bal, to kai kake buga wasan ba shi ba.

Ni na haura 50, a Kaduna na tashi, kuma ba wani mahaluki da ya taɓa tsayar da ni ya ce ga yadda ake yanka. Ƙwallon tsumma ce ko ta roba da ta sha faci, dutse biyu shi ne raga, lungu ƙunci, ga kwata a gefe wadda in bal ta faɗa ta ƙafarka kai za ka sa hannu ka ciro ta, kaga dole ka koyi riƙe ta kusa da kai. Bangon gidan mutane shi ne abokin ba-ni-in-ba-ka. Kuma ba a raba mu da shekaru, kana ɗan 9 za ka shiga cikin yayyenka 'yan 14, ƙarfi ba naka ba gudu ba naka ba, in ba ka nemo dabara ba to ba za ka taɓa bal ba har a kira magariba. A ci ku ku fita ku jira layi ya zagayo, wannan jiran kaɗai ya isa ya koya maka hankali. Babu babba ko ɗaya a wurin, mu ne 'yan wasa mu ne alƙalai, mu yi rigimarmu mu shirya. A irin wannan zamanin Kaduna ta fitar da su Tijjani Babangida da Garba Lawal.

Ka nemi ƙwallon da Okocha ya ci Oliver Kahn a 1993, yana Eintracht Frankfurt shi kuma Kahn yana tsare ragar Karlsruhe. Ya yi dama ya yi hagu ya sake dawowa, Kahn yana ta faɗuwa 'yan baya suna ta zamewa, duk wanda yake kallo yana cewa buga mana buga mana, shi kuwa sai da ya ga dama ya buga da hagu. Ita aka zaɓa ƙwallon shekara a Jamus. Yaron titin Inugu ne fa. Ka ƙirga taɓawar da ya yi a wurin nan ka gwada da dokarka ta taɓawa biyu.

Baiwa daga Allah take, ba musu, amma kamar tsiro ce, in ka kifa mata kwano ba za ta fito ba. Shawarata cikin kwana ukun nan naka ka ware ɗaya, ka bar usur a gida, ka jefa musu bal ka nemi inuwa ka zauna ka kama bakinka. Zai yi maka wuya fiye da yadda kake zato.

Malamin Motsa Jiki daga Zariya:

Baba ya faɗi gaskiya, ni dai zan ɗan ƙara ta ɓangaren karatu da kuma yadda za ka tsara abin, don a yau lungun da Baba yake magana a kai mota da babur sun cinye shi, dole koci ya ƙirƙiro lungun da kansa a cikin tirenin.

Na farko maganar yawan umarni. A 1999 wasu masana biyu a Amurka, Daniel Simons da Christopher Chabris, sun nuna wa mutane bidiyon wasu suna miƙa wa juna ƙwallon kwando, aka ce su ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa. Ana cikin haka wani sanye da kayan goggon biri ya ratso tsakiya ya daki ƙirji ya wuce, kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba sam, saboda hankalinsu yana kan ƙirge. Wani masani a jami'ar wasanni ta birnin Kolon a Jamus, Daniel Memmert, ya gwada irin wannan a kan matasa 'yan ƙwallon hannu, sai ya zama waɗanda aka ba takamaiman umarni cewa ku lura da kaza sun fi kasa ganin abokin wasansu da yake tsaye shi kaɗai ba mai tsaronsa. To haka yaronka yake, ka cika masa kai da taɓawa biyu, kar ka bar lambarka, kar ka yi asarar bal, ina sauran wurin da zai ga ɗan bayan nan ya ba da ƙafa ɗaya gaba?

Na biyu yawan mutane a fili. Yara 22 bal ɗaya, lissafa da kanka sau nawa kowa zai taɓa ta a awa guda, mai ƙarfi da mai baki su za su cinye wasan. Su kansu Jamusawa da muke kwaikwayo sun dawo daga rakiyar wannan. An fitar da su a zagayen farko na kofin duniya a 2018 da 2022, kuma an daɗe ana ƙorafin makarantunsu suna fitar da yara iri ɗaya, masu fasin mai kyau amma ba mai iya wuce mutum, shi ma Jamal Musiala da suke alfahari da shi yawancin yarintarsa a makarantar Chelsea ya yi a Ingila. Daga kakar 2024/25 suka wajabta sabon tsari, ƙananan yara 'yan ƙasa da 7 biyu-biyu ko uku-uku suke bugawa, ƙananan raga huɗu, ba gola, ba teburin maki. Asalin wannan uku-uku mai raga huɗu wani koci ne Horst Wein ya yaɗa shi. Hikimar raga biyu a kowane ɓangare ita ce in an toshe maka dama sai ka juya hagu, yaro da kansa zai fara ɗaga kai yana duba fili ba sai ka yi masa ihu ba.

Kai da kake da kon ma ka huta, ka yanka filin gida uku, uku-uku a kowanne, mutum 18 kenan, sauran huɗun suna shiga duk bayan an ci ƙwallo. Minti biyar ko bakwai a tashi, wanda ya ci ya matsa fili na gaba. Sai ka dinga canza doka maimakon ka dinga ba da amsa, yau duk ƙwallon da aka ci bayan an yanke mutum biyu ce, gobe wadda aka ci da ƙafar da ba a saba ba uku ce, jibi uku da biyu don masu ƙarancin su san yadda ake fita daga matsi, wani lokaci ƙaramar bal wani lokaci ta roba mai tsalle. In yaro ya yi kuskure kar ka ce me ya sa ba ka bayar ba, kira shi gefe ka ce me ka gani a lokacin, akwai wata hanya kuma? Za ka sha mamakin abin da suke gani wanda kai a bakin layi ba ka gani ba.

Sannan kar ka hana su wasu wasannin. Hakeem Olajuwon gola ne a Legas kuma ɗan ƙwallon hannu kafin ya kama ƙwallon kwando yana saurayi, kuma wannan juyin ƙafar da ya gagari mutane har ya ci kofin NBA da Houston a 1994 da 1995 shi da bakinsa ya danganta shi da bal. Mu nan muna da langa, yaro a ƙafa ɗaya yana kauce wa ture yana kare ruwansu, ni da ita nake buɗe darasi a makaranta maimakon zagayen fili.

Lamba Biyar:

Da girmamawa Baba da Malam, amma ni ban yarda da rabin maganar nan ba. Yaushe Najeriya ta taɓa rasa masu yanka? Ka je kowane fili a Jos ko Kano ko Gusau da yamma za ka ga yaron da zai yanke mutum biyar ya dawo ya sake yanke na farkon, 'yan kallo suna ihu, ƙarshe a ƙwace a je a ci su. Irin su nake tsarewa shekara da shekaru a wasan unguwa kuma wlh su suka fi sauƙi, ka dai jira shi. Kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 sau biyar muka ɗauka, 1985, 1993, 2007, 2013, 2015, ba ƙasar da ta kai mu, amma manyanmu a kofin duniya ba su taɓa wuce zagayen ƙasashe 16 ba, 1994, 1998, 2014 duk nan muka tsaya. Abin da muka rasa sanin lokacin da za a yi abu ne, ba iya yin sa ba. Koci ya kama yara ya koya musu tsari har sun ci kofi, yanzu kuma a ce ya zauna a inuwa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kuma ni a wurina basira ba yanka kaɗai ba ce. Fasin da ya ratsa mutum huɗu wanda ba wanda ya zata, basira ce. Ɗan gaban da ya yi gudun ƙarya ya ja ni na bar gurbi wani ya shiga, bai taɓa bal ba amma shi ya ci mu. Ƙwallon da Kanu ya farke wa Brazil a gasar Olympics ta Atlanta 1996 ana dab da tashi, ya ba raga baya a cikin cunkoso ya ɗaga ta ya juya ya tura, ba mutum ɗaya da ya yanke a wurin, nutsuwa ce da saurin tunani.

Inda zan ba ku gaskiya shi ne maganar kofi. Mu ne muke kashe yaran nan da son cin kofin unguwa, a ce gasar 'yan 13 ce sai ka ga an kawo ƙato mai gemu ya aske da safe, dole kowane koci ya ajiye ɗan siririn yaronsa mai kai a benci ya sa mai ƙirji. Ba banza FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI ba a gasar 2009 da aka yi a nan ƙasar, wadda har Kano da Kaduna da Bauchi aka buga wasanninta. Wannan bahagon na Koci irin su ake fara zubarwa.

Tsohon Lamba 10:

Ɗana Lamba Biyar, lokacin da za a yi abu da kake magana a kai, a ina yaro zai koye shi in ba a bar shi ya yi a lokacin da bai dace ba ya ga sakamakon da idonsa? Wanda bai taɓa yanka an ƙwace an ci su abokansa sun yi masa ca ba, ba zai san ranar bayarwa ba, umarni kawai yake bi. Ka tuna Mikel a 2005 a Holan, gasar 'yan ƙasa da 20, shi ne na biyu a gwanaye bayan Messi, yaro mai raba ƙwallo gaba. Ya je Chelsea aka zaunar da shi gaban 'yan baya yana tsare gida, ya ci kofuna har na zakarun Turai a 2012 ba wanda zai raina masa, amma mu da muka ga na 2005 mun san abin da aka rufe. Shi ma a lokacin ya girma ya riga ya iya. Yaran Koci shekararsu 10 zuwa 13.

Ɗan Zango daga Nima:

Salamu alaikum 'yan uwa, daga Accra nake bin maganar. Ina ganin Baba da Lamba Biyar duk hanya ɗaya suke ba su lura ba. Na yi zama a Abidjan wajen kawuna, can kowa ya san labarin makarantar ASEC Mimosas da Bafaranshen nan Jean-Marc Guillou ya buɗe a 1994. Tsari a wurin ya fi na soja, amma tsarin a kan mallakar bal yake ba a kan hana yaro tunani ba. Ba takalmi suke wasa, sai yaro ya ci jarrabawar sarrafa bal da ƙafa da kai sannan a ba shi but. A 1999 aka ɗebo yaran nan yawancinsu ba su kai 20 ba aka haɗa su da Esperance ta Tunisiya a kofin Super Cup na Afirka suka ci 3-1. Daga nan su Kolo Toure da Zokora da Aruna Dindane suka fito, daga baya Yaya Toure da Eboue da Salomon Kalou da Gervinho. Ka lura ba 'yan gaba kaɗai ba, har 'yan bayansu sun iya bal.

Mu nan unguwarmu muna da Mohammed Kudus. A filin ƙasa na Nima ya fara da wata ƙaramar ƙungiya Strong Tower, sannan makarantar Right to Dream ta ɗauke shi, ya tafi Nordsjaelland a Denmak, Ajax a 2020, West Ham a 2023. In ka kalli yadda yake ba mutum baya ya riƙe bal ana turinsa bai faɗi ba sannan ya juya, wannan na filin Nima ne, inda ƙasa ba ta daidaita ba kuma manya suke hawa kanka. Makaranta ta ƙara masa ilimi a kai, ba ta goge shi ba. Koci kar ka zubar da tsarinka, ka dai cire dokar taɓawa biyun nan daga zama ta kullum, ka raba musu fili, kusa da ragarku a yi a hankali, in an tsallaka kusa da ragar abokan hamayya kowa ya yi abin da ya gani.

Maman Yara Uku:

Malam Koci sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri, don riƙe 'ya'yan mutane kyauta ba ƙaramin abu ba ne. Ni ba bal na sani ba, uwa ce ni, amma bari in faɗa muku abin da nake gani a gida. Ɗana na tsakiya a tsakar gida ba irin abin da ba ya yi da bal, ya ɗaga ta ta bayansa, ya zura wa yayansa ta tsakanin ƙafafu, har tukunya ya fasa min. Na saka shi a wata ƙungiya, wata uku ya dawo ya ce shi ya daina zuwa, da na matsa masa sai ya ce duk ranar da aka ƙwace bal a ƙafarsa sai mai koyar da su ya zage shi a gaban yara ya sa shi tsallen kwaɗo, shi yasa in an ba shi yake saurin rabuwa da ita ko ma ya ɓuya bayan wani kar a ba shi. Yaron da yake tsoro ba zai gwada sabon abu ba, ko a kicin haka ne, yarinyar da kike yi wa tsawa kullum ba za ta taɓa iya miya ba sai ta tambaye ki gishiri.

Kuma ku duba lokacinsu. Boko tun 7 da rabi, a dawo a ci abinci a tafi islamiyya sai dab da magariba, ga aikin gida da aka ba su, filin da yayyensu suka yi wasa an yanka shi an yi shaguna. Wannan awa ɗaya da rabi da suke samu wajenka wataƙila ita ce kaɗai wasansu a ranar. Mu iyaye ma da laifinmu, barin ma iyaye maza da suke tsayawa bakin fili suna ihun buga gaba, cire ta.

Kocin Unguwa:

Na gode ƙwarai Baba, Malam, Hajiya da sauran 'yan uwa, na karanta komai har sau biyu. Hajiya maganarki ta taɓa ni don ni ma ina sa tsallen kwaɗo, na daina daga ranar.

Sati biyu kenan ina gwadawa shi yasa na yi shiru. Juma'a na mayar ranar wasansu, ba usur, su suke raba kansu. Alhamis uku-uku mai raga huɗu yadda Malam ya ce, Lahadi kuma muna nan kan tsarinmu na tsayuwa da tsare gida don ban watsar da maganar Lamba Biyar ba, sai dai taɓawa biyu yanzu minti goma kawai muke yi. Ranar farko sun yi cirko-cirko suna jira in ce wani abu, har kyaftin ɗinsu ya zo ya tambaye ni wai fushi nake da su. Abin da ban zata ba, wani yaro da kullum a baya nake ajiye shi saboda jikinsa, a uku-uku shi ya fi kowa iya juya bal daga wannan raga zuwa waccan, shekara biyu ban san yana da wannan idon ba. Bahagon nawa kuwa ya fara tunkarar mutum, ana ƙwacewa da yawa, kuma har yanzu in an ƙwace sai ya waiwayo inda nake, ni kuma in tafa masa.

Matsalar da ke gabana yanzu akwai kofi wata mai zuwa, kuma mutumin da yake saya mana jesi ya zo ranar Juma'a ya ga yara suna ta wasansu ina zaune, ya kira ni gefe ya ce shi ba wannan ya sa kuɗinsa a kai ba. Malam, a uku-ukun nan in haɗa ƙanana da manya ne yadda Baba ya ce suna yi a lungu, ko in ware 'yan 10 da 11 daban tukunna?